Auren da Turanci Bai Yarda da Shi Ba

Na daɗe ina koyar da Turanci a makarantar 'yan mata ta ƙauyenmu, a bakin kogi kudu da Sinja, kuma in gaya muku gaskiya babu wanda ya taɓa ɗaukar aikin nawa a bakin komai. Garin da ake sallah da Larabci, a yi ciniki da Larabci, a yi faɗa da Hausa, me za a yi da Turanci? Amfanina ɗaya ne, in an sayo magani a kawo mini kwalbar in duba ko kwanansa ya wuce. Har laƙabi aka sa mini, Ustaza Raliya mai karanta kwalba. Sai da maganar ƙanena Jibril ta taso aka tuna cewa a gidanmu akwai mai jin yaren mutanen nan.

Jibril ya bar gida ne shekarar da gona ta ƙi, ya bi ta Libiya, ya tsallaka teku, ya sha wuyar da har yau bai ba mu labarinta duka ba. A ƙarshe wata ƙasa mai sanyi da ake Turanci ta ba shi takardar zama, irin wadda za ka je ko'ina da ita a duniya ban da ƙasarku. Ana murna an tsira, sai ga ciwon ƙoda. Yana tafiya da ƙafarsa, har ɗan aikin gadi yake taɓawa, amma ba ya iya nisa da injin da ke wanke masa jini. Ɗaki ɗaya yake kwana shi kaɗai, in ya dawo daga asibiti jiri na ɗibarsa babu mai miƙa masa ruwa. Abu ɗaya ya roƙe mu, a taimaka a kai masa matarsa Halimatussa'adiya da 'yarsu Huda.

Sa'adiya muke ce mata. Mace ce marar hayaniya, tana soya gyaɗa tana dama kunun godogodo ana saye a ƙofar gida, da shi ta riƙe kanta duk shekarun da mijinta ba ya nan. Ni mai saurin fushi ce, kowa ya sani, amma ban taɓa samun abin da zan yi mata faɗa a kai ba, kuma Allah ya sani na nema.

An ɗaura aurensu a ƙofar masallaci bayan Juma'a, limaminmu Malam Usmanu ne ya ɗaura, aka raba dabino aka watse. Takarda kuwa babu, don a lokacin takardarmu ita ce bakin mutane. Da lauyar da Jibril ya samu a can ta ce sai da shaida a rubuce, muka kwashi dattawa biyu muka je kotu a Sinja, suka rantse, aka ba mu takardar tabbatar da aure mai hatimi. Na fassara, aka aika. Bayan wata da watanni aka ce Sa'adiya ta zo ofishin jakadancinsu a Hartum a yi mata tambayoyi.

Na zaunar da ita a tsakar gida ina gwada ta, ni ce Baturiya.

"Mene ne sunan mijinki?"

Ta rufe baki da gefen mayafi tana dariya. "Haba Yaya, ke ba ki san sunan ƙanenki ba?"

"Ba ni ke tambaya ba, su ne. Faɗi."

"Bakina ba ya ɗauka, Yaya. Tun da anka kai ni ɗaki nai ban taɓa kira nai ba."

Kakanninmu da suka taso daga Sakkwato sun zubar da abubuwa da yawa a hanya, har Hausar ma jikokinsu sai sun haɗa da Larabci take tsayawa, amma kunya sun iso da ita ba ta rage ko kaɗan ba. Na yi lallashi, na yi tsawa, na ce mata kunyar nan ba za ta sa ta a jirgi ba. Da ta ga raina ya ɓaci sai ta ce, "Halas, shi ke nan, Yaya. In ta kama sai in faɗa."

A Hartum ba a bar ni na shiga ba. Ita da Huda aka shigar, aka zaunar da su gaban gilashi, Bature a ciki, tafinta a gefe, wani saurayi ɗan birni da ya iya Larabci da Turanci amma bai san mu ba. Na zauna a inuwar katanga wajen mai shayi har suka fito. Fuskar Sa'adiya a sake take. Ta ce, "Dud gaskiya na gaya musu." Sai da muka shiga motar komawa ta fara ba ni labari.

"Sunka ce ko shina wurin ranar ɗaurin aure. Na ce a'a, ya ɓuya wajen abokai nai."

"Sai me?"

"Sunka ce ni fa. Na ce mi zai kai ni cikin maza? Ina ƙuryar ɗaki."

"Ba su ce to wa ya yi auren ba?"

"Sun ce. Na ce Kawu Jibo ya ba da, baffanku ya karɓa."

Duk gaskiya ne, haka ake aure tun kaka da kakanni. Amma ni na san yadda maganar za ta fita a bakin wancan yaro ta shiga kunnen Bature: ango ba ya nan, amarya ba ta nan, tsofaffi biyu ne suka yi abinsu. Na daure na tambaye ta sunan fa.

Ta sunkuyar da kai. "Na buɗe baki, Yaya, wallahi na buɗe. Baturen shina kallona, yaron ga shina kallona. Sai na nuna musu takarda na ce ga shi nan rubuce."

Na ƙarshen shi ya fi ciwo. Huda 'yar fari ce, tun da aka yaye ta a ɗakina take, ni take kira Umma. Da aka tambayi Sa'adiya ko wannan 'yarta ce, abin da ta saba faɗa wa kowa ya riga ta fita: ɗiyar Yaya ce. Aka juya kan yarinyar aka ce wace ce uwarki, ta ce Umma Raliya, tana waje tana jiranmu. Me zan ce? In yi mata faɗa don ta zama irin matar da uwarta ta raina ta zama?

Amsa ta zo kafin damina. Inna, mahaifiyarmu, ta sa aka kira Malam Usmanu, aka shimfiɗa masa buzu a tsakar gida, mata suka ja gefe. Na karanta, na ce, "Sun ce ba su gamsu cewa auren valid ne ba."

Malam ya kafa hannu a kunne. "Balid? Wa ke balid, mu ko auren?"

Balid a Larabcinmu daƙiƙi ne, shi ya sa duk shekara in na rubuta kalmar a allo sai ajin ya fashe da dariya. Ranar babu wanda ya yi dariya. Na ce, "Ba balid ba, Malam. Kalma ce tasu, kamar a ce ingantacce."

"To ai sahihi ne. Akwai waliyyi, akwai sadaki, akwai shaidu, anka yi siga a gabana. Mi ya rage?"

Nan na ga bambanci tsakanin koyar da kalma da kuma kalma ta hau kanka. Na ce masa su in sun ce abu valid ne, ba suna tambaya ko ya faru ba ne. Tikitin motar jiya tikiti ne na gaskiya, kai ka biya, ba jabu ba ne, amma yau direba ba zai ɗauke ka da shi ba. Yarinya takan makara don ta tsaya jinyar kakarta, dalilinta gaskiya ne, shugabar makaranta ta ce ba ya cikin dalilan da ake karɓa. Tikiti, fasfo, dalili, hujja, aure, duk kalma ɗaya suke auna su da ita, kuma ma'aunin yana hannun wanda aka kai wa abin. A kwalejin malamai an gaya mana asalin kalmar daga wani tsohon yare ne, ma'anarta mai ƙarfi. "Ba su ce ƙarya muka yi ba, Malam. Sun ce auren ba shi da ƙarfin tsayawa a gabansu."

Malam ya dubi Huda da ke raɓe a jikina. "Auren da anka haifi wagga ɗiya ciki nai shi ne ba shi da ƙarfi?" Ya tashi ya naɗe buzunsa da kansa, ko shayin da aka kawo bai taɓa ba.

Akwai abin da ban gaya musu ba, don ba shi da amfani. Kishiyar kalmar, invalid, ita suke rubutawa a kan takardar da ta daina aiki, kuma da harufan nan dai suke kiran mutumin da ciwo ya kayar, wurin danna murya ne kawai ya bambanta. Kwana da kwanaki ina wanke-wanke ina tuna haka, ƙanena da aurensa duk suna ɗaya aka ba su. Na tsani yaren nan a kwanakin, na tsani kaina ina tsaye gaban allo ina koya wa 'ya'yan mutane shi.

Lauyar Jibril mutuniyar kirki ce, ba zan ci haƙƙinta ba. Ta kira ni da kanta. Ta ce ɗaukaka ƙara na iya cin shekaru, likitansa kuma ba ya son jin maganar shekaru. Ta ce akwai hanya mai sauƙi, su sake yin aure kawai. Dokarsu tana karɓar auren wakilci in dai an rubuta shi a ranar da aka ɗaura, da wakilci a rubuce, da hotuna, ango yana kallo ta waya. Ta faɗi kalmar kawai ɗin nan kamar mai cewa a sake ɗora shayi.

Na je wajen ma'azun, jami'in da hukuma ta ba ikon rubuta aure, a garin da ke gaba da mu. Ya karanta takardar kotun Sinja da muka sha wahala muka samo, ya turo mini ita. "Ya Ustaza, wannan matar aure ce, ga hatimi. Ba na ɗaura aure a kan aure. Kawo mini takardar saki, idda ta cika, sannan mu yi magana." Takardar da can aka ce ba ta da ƙarfi, nan ƙarfinta ne ya tare mana hanya. Gaba kura baya sayaki.

Malam Usmanu ya ƙi tun kafin in rufe baki. Ya ce aure ba riga ba ne da za a tuɓe a kakkaɓe a mayar. Ya ce saki ba shi da wasa, ko da wasa aka yi shi ya saku. Kuma in Jibril ya mayar da ita kafin idda ta cika, tsohon auren ne ya dawo, babu sabon ɗauri, babu sabuwar takarda. Sai dai a bari igiyar ta tsinke sarai. "Kada garin neman gira a rasa ido," in ji shi. Inna ta goyi bayansa.

Sa'adiya ce ta yi magana daga bakin murhu, ita da ba ta taɓa ɗaga murya a gaban Malam ba.

"Malam, wa ke dafa mishi abinci can?"

Ba ta jira amsa ba, ta ci gaba.

"Jiya da ya kira, muryar shi ba ta fita. Ya ce ya faɗi a banɗaki, sai da ya farfaɗo don kai nai ya tashi. Ni ina nan da aure sahihi ina soya gyaɗa." Ta goge ido da bayan hannu. "A sake ni, Malam. Jini ukku ne, kamar gobe ne."

Daga ƙarshe Malam ya yarda, da hantsi aka yi sakin. Na kifa turmi na ɗora wayar a kai, na buɗe murya kowa ya ji, Malam da Kawu Jibo suna zaune shaidu. Jibril ya fara ya kasa, ya sake farawa kuka ya ci ƙarfinsa. Tun yana yaro ban ji kukansa ba, har ranar da zai tafi da dariya ya fita. Malam ya ce masa in ba zai iya ba a bari. Sai muka ji ya ja numfashi ya ce, "Halimatussa'adiya, na sake ki saki ɗaya." Can ya ƙara, "Ki yafe mini."

Ta ce, "Ba komi. Ka sha maganinka?"

A gidanmu ta yi idda, a ɗakinta, kamar yadda shari'a ta ce. Abin da ban zata ba shi ne tsoron da ya shiga tsakaninsu. Malam ya gargaɗe shi ya kiyayi bakinsa, kada son zuciya ya sa ya furta abin da zai zama kome. Daga ranar in ya kira sai su gaisa kamar maƙwabta, ya jiki, ya sanyi, ya su Inna, a gaida yarinya. Da can sukan daɗe tana ƙunshe da wayar a ɗaki har mu yi ta tsokanarta. Yanzu a gabana take amsawa, ta miƙo mini da sauri, ta koma bakin kaskonta. Damina ta sauka, hanyar Sinja ta zama taɓo, sauro ya cika gari, ita kuwa tana ramewa tana lissafinta a zuci. Tausayinta ya hana ni sakewa, don na san wanda take yi dominsa ba ta da ikon gaya masa ko kalma ɗaya mai daɗi.

Idda ta cika. Na karɓo takardar saki daga ma'azun, na fassara, na aika wa lauya. Ta amsa da murna, ta ce madalla, wannan kam valid ce, babu mai ja da ita. A duk takardun da muka aika musu, ita ce ta farko da aka yaba.

Sa'adiya ta haɗa kayanta ta koma gidan Kawu Jibo, don yanzu ba ta da hurumin kwana a gidanmu. Aka sa ɗaurin aure Juma'a mai zuwa. Sai ga gari ya ɗauka, mata suka mai da abin wasa, wai tsohuwar zuma za a sake kai wa ango. Ƙawayenta suka ce tun da hoto za a ɗauka a kai wa Turawa, sai an yi musu amarya ta gaske su gani. Suka zaunar da ita a hayaƙin turare, suka kira mai lalle ta zana mata baƙin ƙunshi tun daga yatsu har gwiwar hannu. Na je na same ta an ɗaga mata hannuwa sama kada ya goge, ana ba ta ruwa a baki, tana dariya har da hawaye. Ta ce, "Yaya, dubi abin da sunka mai da ni, da girmana." Na ce ai ba ki ga komai ba, sai na karɓi kuɗin sayen baki a hannun ƙanen nawa.

Laraba ina aji wayata ta yi ƙara. Lambar waje ce amma ba tasa ba. Wani ɗan ƙasarmu ne, mutumin garin Kamlin, da suke masallaci ɗaya a can. Ya yi sallama, ya tambaya ko ni ce yayar Jibril, sannan ya yi salati. Ya ce Jibril yana kan injin ne zuciyarsa ta tsaya, likitoci sun yi iya yinsu. Ya ce su za su yi masa sutura, kada mu damu, akwai maƙabartar Musulmi. Na tuna na ce masa na gode. Alli na hannuna, 'yan mata suna kallona, na fita ban ɗauki jakata ba.

Kafin azahar gidanmu ya cika. Inna tana zaune a rumfa mata sun kewaye ta. Sai ga Sa'adiya ta shigo ba takalmi, ba ta kalli kowa ba, ta wuce kai tsaye tsohon ɗakinta. Na bi ta. Ta cire 'yan kunne da awarwaro ta zube a ƙasa, ta ce in samo mata farin tob, zanen lulluɓin da mai takaba ke sawa. Ta ɗebo toka a murhu ta zauna tana dirzar hannuwanta. Ba ta kuka, dirza kawai take, fatar ta yi ja, lallen ko gezau.

"Yaya, ba shi fita. Mai takaba ba ta zama da lalle. Samo mini lemun tsami."

Aka ce Malam Usmanu yana kirana a zaure. Na same shi tsaye, ya tsufa a yini ɗaya. Kawu Jibo yana gefensa ya sunkuyar da kai. Malam ya ce, "Ustaza, ki lallaɓa ki gaya mata."

Na san abin da yake nufi, kuma fushin da na yi wata da watanni ina haɗiya ya taso mini. Na ce, "Ni Turanci nake fassarawa, Malam. Wannan naku ne, ku faɗa mata da bakinku."

Bai yi mini faɗa ba. Ya bi ni har ƙofar ɗakin, ya tsaya daga waje ya yi sallama.

"Ɗiyata, bar hannunki hakanan, kada ki ji ma kanki ciwo."

"Malam, so nike shi fita kafin in shiga takaba."

Ya ce, "Babu takaba a kanki, ɗiyata. Iddarki ta cika tun shina da rai. Ranar da ya cika ba matar shi kike ba."

Hannunta ya tsaya. Ta dube ni, wai ko zan ce ba haka ba ne, ko akwai wata fassarar. Na kau da kai.

"To Malam, in na zauna don kaina fa? Wata huɗu da kwana goma, ba na fita, ba na ado. Wa na ɗauka wa alhaki?"

"Zama dai babu mai hana ki, a gidan kawunki," in ji shi. "Amma ba sunan shi takaba ba."

Sai ta wanke tokar, ta ninke farin tob ɗin da na kawo ta ajiye a kan gado, ta yafa nata da ta zo da shi. Ta fito tsakar gida. Matan da ke kusa da Inna sun riga sun matsa sun bar mata wuri a gefenta, inda matar mamaci ke zama. Ba ta zauna a nan ba. Ta durƙusa a gaban Inna kamar yadda kowace mai shigowa ta yi, ta ce, "Inna, ya haƙuri? Allah shi jiƙan shi."

Sa'adiya ta tashi ta nemi gefen tabarmar baƙi, can kusa da ƙofa, ta zauna, ta cusa hannuwanta cikin mayafi.